Had-dis mai tera 4, kwamfuta na nuna tera 2: ga inda ake kuskure

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa 'yan kwanakin nan, galibi daga masu haɗa bidiyon biki da masu tura fina-finai a waya. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi sabon had-dis mai tera 4, ya ɗaura a tsohuwar kwamfutarsa, sai ko dai ya neme shi ya rasa, ko ya ga tera 2 kacal. Wasu har sun koma shago da faɗa, wai an cuce su. Ku dakata tukuna. Sau da yawa faifan lafiyarsa lau, mai shago ma bai yi laifi ba.

[Hoto: cikin kwamfuta a buɗe]

Wannan ɓangaren ba zan daɗe a kai ba, ku bi hannuna. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango. Wayoyi biyu ne: siririyar nan ta SATA mai ɗaukar bayanai zuwa madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, faffaɗar kuma ta wuta. Ku tura su har su zauna daram. Ko madabod ɗinku SATA 2 ne, faifan kuma SATA 3, suna jituwa.

Mun kunna, mun buɗe inda ake ganin C da D. Babu shi. Haka ya kamata, sabon faifai ba ya fitowa nan sai an shirya shi an ba shi harafi. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta diskmgmt.msc, zai buɗe Disk Management, wurin da ake shirya faifai.

[Hoto: ƙaramin akwatin Initialize Disk, a tsayar da shi]

To, a nan nake so ku ajiye komai ku kalla. Wannan ɗan akwatin shi ne gaba ɗayan bidiyon nan. Zaɓi biyu na tsarin faifai yake ba ku, MBR a sama, GPT a ƙasa. A Windows 7 ɗigon yana kan MBR tun farko, hannu kuma ya riga ido, sai a danna OK ba a karanta ba. Daga nan rabin kuɗinku ya shiga kulle.

Ku ga abin da ke biyo baya. Faifan ya rabu gida biyu: giga 2,048 a hagu, wato tera 2 ɗin nan, giga 1,678 a dama. Na hagun yana karɓar aiki. Na daman kuwa, ku danna shi da gefen dama na linzami, duk rubutun ya dushe, ba abin da ke dannuwa. Kuna ganinsa da ido, amma ba hanyar shiga.

Me ya jawo haka? MBR tsohon tsari ne, tun 1983 ya fito, lokacin da kwamfutar IBM XT ke zuwa da had-dis mai mega 10. Mega, ba giga ba. Ku ɗauki faifan a matsayin ƙaton fili da aka yanka fuloti-fuloti, kowane fuloti bayit 512. MBR shi ne kundin da ake rubuta lambar kowane fuloti, kuma ƙirgansa yana tsayawa ne a 4,294,967,296. Ku ninka wannan da 512, za ku sami giga 2,048 daidai, wato lambar da ke kan allo yanzu. Filin bai ƙare ba, kundin ne ya cika. Fulotin da ba shi da lamba kuwa ba mai iya kai ku wurinsa. GPT, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Intel, kundi ne da lambobinsa suka zarce duk wani faifan da ke kasuwa.

Saboda haka in faifan sabo ne, ɗigon nan ku mayar da shi ƙasa, kan GPT, sannan OK. Shi ke nan. Ku danna sandar faifan da gefen dama na linzami, New Simple Volume, ku ba shi harafi, ku bar shi a NTFS, ku yi fomatin.

[Hoto: sanda guda, giga 3,726]

Na san wani zai ce ai wannan ma bai kai 4,000 ba. Ba sata ba ce. Kamfanin da ya ƙera faifan yana ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024. Tera 4 kullum wajen giga 3,726 zai nuna.

To wanda ya riga ya danna MBR fa, har ya zuba aiki a ciki? Akwai gyara, amma sai an kwashe komai tukuna. Ku kwafe kayan zuwa wani wuri, ku buɗe biyu-uku ku tabbatar suna tashi. Sannan Delete Volume a kan kowane kaso har faifan ya zama wayam. Yanzu ku kai linzami kan wannan akwatin na hagu mai rubutun Disk 1, ba kan doguwar sandar ba, nan ne mutane ke ɓata. Ku danna gefen dama na linzami, Convert to GPT Disk. In kun ga ya dushe, akwai kason da ba ku goge ba.

Masu son baƙin allon rubuta umarni za su ce a yi da diskpart: list disk, select disk, clean, convert gpt. Yana yi, amma ni ba na ba wa sabon hannu shawararsa. Kalmar clean ba ta tambayar ko kun tabbata. Ku kuskure lamba ɗaya, bikin mutane da ke ɗaya faifan ya tafi, kuma amarya ba za ta saurari bayanin MBR ba.

Yanzu ruɗani na biyu, wanda ke sa wasu su ce tsohuwar kwamfuta ba ta ɗaukar GPT sam. Ajiya daban, tayar da Windows daban. In ajiya kawai kuke so, Windows 7 zuwa sama suna karanta GPT lafiya ko da kwamfutar mai tsohon BIOS ce, wato manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta. Amma ɗora Windows a kan faifan GPT har kwamfuta ta tashi daga kansa, wannan sai madabod mai UEFI, magajin BIOS, wanda ya yaɗu wajen 2011 zuwa 2012. A Windows 10 ku rubuta msinfo32, ku duba layin BIOS Mode. In ya ce Legacy, kada ku wahalar da kanku. Ra'ayina ma, ko da UEFI ne, ku bar Windows a ƙaramin faifan SSD mai sauri, babban faifan ya zama na kaya zalla. Ranar da Windows ya lalace aka sake ɗorawa, aikinku yana gefe ba a taɓa shi ba.

Sauran a gurguje, don ba ni da waɗannan injinan a gabana da zan nuna muku.

Windows XP mai bit 32 ba ya karanta GPT. Wanda ke kansa har yanzu, sai dai ya sauya Windows ko ya tsaya a faifan da bai wuce tera 2 ba.

In faifai mai tera 3 ya nuna giga 746 gaba ɗayansa, wannan sananniyar matsala ce ta tsohon direban Intel Rapid Storage. Ƙirga ce ta kai iyaka ta zagayo: tera 3 giga 2,794 ne a Windows, ku cire 2,048 daga ciki ku gani. Ku sabunta direban zuwa 10.1 ko sama da haka kafin ku zuba ko fayil ɗaya.

In kuma abin ya tsaya a giga 137, kwamfutar ta farkon shekarun 2000 ce, mai faffaɗar wayar IDE. Sai sabunta BIOS, da XP mai Service Pack 1 aƙalla.

Sai masu sa faifan a kwanson USB. Tsofaffin kwansuna da dama su ma tera 2 ce iyakarsu, ko kun zaɓi GPT ba zai sauya komai ba, domin kwanson ne ke ba kwamfuta lambar da ba daidai ba. Ku ciro faifan, ku jona shi kai tsaye da wayar SATA. In ya nuna cikakken girmansa a Disk Management, kwanson za ku sauya, kuma ku karanta iyakar da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin ku biya.