Gashin da aka sassaƙa da wuƙa

Amina: Assalamu alaikum masu saurare, yau Japan muka nufa. Yaya Bashir, hoton nan da ka turo min jiya, na matar da take taje gashi, sai da na ƙara girmansa a waya na yi ta kallo. Da gaske ba alƙalami ne ya ja gashin nan ba?

Bashir: Wuƙa ce, Amina. Hashiguchi Goyo ne ya zana shi, aka buga a 1920. Mai zane yana gamawa sai a manna takardar a kan allon icen ceri, masassaƙi ya bi yana ƙwaƙule duk inda babu layi. Ke nan kowane silin gashi da kika gani, siririn katako ne aka bari tsaye, an rarake shi dama da hagu.

Amina: Ikon Allah! In wuƙar ta zame fa?

Bashir: Sai a yanke wurin, a cusa guntun katako, a sake. Shi ya sa fuska da gashin goshi babban gwani kaɗai ake ba wa. Daga nan mai bugu ya karɓa. Kowace kala da allonta. Ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai mai rufin ɓawon gora, baren sunansa. Hannu ne kawai, babu inji.

Amina: To amma a 1920 ai akwai kyamara. Me ya sa suka koma wannan wahala?

Bashir: Kyamara da injin ɗab'i sun kusa binne sana'ar. Wani ɗan kasuwa a Tokyo, Watanabe Shozaburo, shi ya tayar da ita wajajen 1915, ya kira ta shin-hanga, wato sabon bugu. Ya tara masu zane irin su Ito Shinsui, wanda ya yi masa hoton mace gaban madubi a 1916 yana ɗan shekara 18. Goyo kuwa hoto ɗaya ya yi da Watanabe, ya ware ya ɗauki nasa ma'aikatan. Ya rasu a 1921. Girgizar ƙasar 1923 kuma ta haddasa gobarar da ta cinye shagon Watanabe da allunansa, ya sake daga tushe.

Amina: Yaya, akwai abin da ke damuna. Lokacin nan 'yan matan Tokyo suna aiki a shaguna, wasu sun rage gashi. Amma yawancin hotunan mace ce cikin kimono, rigar gargajiyar Japan, kai a sunkuye.

Bashir: Kin yi gaskiya. Masu saye da yawa Amurkawa ne da Turawa, tsohuwar Japan suke nema. Amma akwai Kobayakawa Kiyoshi, a 1930 ya fitar da wata mai gajeren gashi, da rigar Turawa, tana kallon mutum ido cikin ido.

Amina: Ita zan nema da daddare.

Bashir: Mai taje gashin ma ta yi tafiya. Marigayi Steve Jobs na kamfanin Apple ya kasance yana tara irin waɗannan hotuna, kuma da aka fito da kwamfutar Macintosh a 1984, ita aka sake zanawa a fuskar kwamfutar.

Amina: Da ɗigo-ɗigon baƙi da fari? To gashin goshin fa?

Bashir: Shi ne abin da kwamfutar lokacin ta kasa fitarwa.