Kullen tsofaffi a Turkiyya da abin da ya bari a jikinsu

Jama'a masu sauraro, ranar 21 ga Maris 2020 gwamnatin Turkiyya ta hana duk wanda ya kai shekara 65 fita daga gida saboda cutar korona. A wasu garuruwa har kujerun bakin titi aka tumɓuke don kada dattawa su taru hira. Sai ranar 10 ga Mayu aka bari suka leƙa waje, shi ma na awa huɗu kacal.

Niyyar ba ta da laifi, tunda cutar ta fi kisa a cikin masu manyan shekaru. Sai dai an yi kuɗin goro: manomi ɗan shekara 66 mai jini a jika da ɗan 90 da ke kwance, hukuncinsu ɗaya. Nan da nan wasu matasa suka fara tare dattawa a hanya, suna ɗaukarsu bidiyo suna yi musu ba'a, kamar su suka kawo cutar.

Kaɗaici kuwa a jiki yake fara nunawa. Dattijon da ya daina zuwa masallaci da kasuwa ya daina tafiya ke nan, kuma naman cinya ba ya jira: kwana 10 a kwance na iya zaftare wa tsoho kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Daga nan sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu. Wanda ke ci shi kaɗai ba ya cinye kwanonsa, ga ƙishirwa ba ta cika damun tsoho ba, sai jiki ya bushe, tunani ya rikice. Babban kuskuren iyali shi ne cewa "ai tsufa ne". Ruɗewar da ta zo farat ɗaya alamar ciwo ce, sau da yawa ciwon mafitsara ko na huhu, kuma asibiti take bukata a ranar.

Idan wata annoba ta sake tilasta nesanta jiki, a sa lokacin kiran waya tsayayye, misali kullum bayan Magariba, domin jiran kiran ma abin yi ne. Kada a tsaya a "ya jiki?", amsar kullum "da sauƙi" ce. A tambayi Baba me ya ci da rana, ƙwayar hawan jini nawa ta rage a kwali. A sa shi ya tashi daga kujera ya zauna sau 10, safe da yamma. Ziyara kuma a yi ta a tsakar gida, tazarar mita biyu, a kan tabarma daban. Takunkumi yana rufe leɓe, mai nauyin ji kuwa da leɓe yake kama magana, don haka a fuskance shi, a yi magana a hankali, ba da ihu ba.