Tantanin ƙwayar halitta da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke aiki

Masu kallo, ku zuba man gyaɗa kaɗan a kwanon ruwa. Ko kun kaɗa, man zai sake tattaruwa wuri guda ya rabu da ruwan. A kan wannan rashin jituwa aka gina tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta a jikinmu.

Kaurin tantanin bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba. Sai an jera kamar guda 10,000 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Tubalinsa wani maiƙo ne da ake kira fosfolifid, mai kai ɗaya da jela biyu. Kan yana son ruwa, jelar kuma gudunsa take yi. To, cikin ƙwayar ruwa ne, wajenta ma ruwa ne, don haka sai su yi sahu biyu: kawuna na fuskantar ruwa ta ciki da ta waje, jeloli sun ɓuya a tsakiya. A 1925 masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa. Faɗinsa ya ninka faɗin fuskar ƙwayoyin sau biyu, daga nan suka ce lalle sahu biyu ne.

Kada hoton littafi ya sa ku ɗauka katanga ce ƙafaffiya. A 1972 Singer da Nicolson suka bayyana cewa tubalan nan zamewa suke yi gefe da gefe, furotin iri-iri kuma na yawo a cikinsu. Kolestirol, wanda sunansa ya ɓaci a bakin mutane, shi ke daidaita taurin tantanin, ya hana shi sakewa da yawa in an yi zafi, ya hana shi daskarewa in an yi sanyi. Sabulu kuma kama yake yi da waɗannan tubalan, shi ya sa yake kutsawa ya wargaza rigar maiƙo ta wasu ƙwayoyin cuta.

Me ke wucewa? Oksijin da iskar da muke fitarwa suna ratsa maiƙon kai tsaye. Sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri), fotasiyam da gulukos (wani nau'in sukari) ba sa iyawa, sai ta ƙofofin furotin, kuma kowace ƙofa da abin da take bari. Ruwa ma yana da tasa, akwaforin, wadda Peter Agre ya tabbatar da aikinta a 1992.

Ruwa kullum ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa yake bi. Jefa jar ƙwayar jini a tsurar ruwa, za ta sha ta kumbura ta fashe. Sa ta a ruwan da gishiri ya yi wa yawa, sai ta yamushe. Shi ya sa ledar ƙarin ruwa ta gishiri a asibiti take ɗauke da giram 9 a kowace lita, daidai da ƙarfin ruwan jini.

Akwai kuma famfo mai cin makamashi, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957. Duk juyi ɗaya yana ƙona ATP guda, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwayar halitta, ya fitar da sodiyam 3, ya shigo da fotasiyam 2. Sakamakon haka sodiyam ya taru a waje yana neman hanyar komawa, kamar ruwan da madatsa ta tare. Da wannan matsin jijiyoyi ke aika saƙo.

Yanzu mu shiga hanji. Gubar kwalara tana sa wata ƙofar kuloraid, abokin sodiyam a cikin gishiri, ta tsaya a buɗe. Kuloraid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su, sai gudawa kamar ruwan shinkafa. Amma akwai ƙofa ɗaya da gubar ba ta lalatawa. Ita wannan ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos: sodiyam 2, gulukos 1. Da sun shiga, ruwa ya biyo su ya koma jiki. Aikin sukarin da ke cikin ORS, wato ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, ke nan, ba don ɗanɗano ake sa shi ba.

Saboda haka awo yake da muhimmanci. Fakitin ORS na lita ɗaya, a lita ɗaya na ruwa mai tsabta ake zuba shi, ba a rabi ba. In babu fakiti, lita ɗaya tana ɗaukar ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin na gishiri. Sukari ya yi yawa, zai jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Lemon kwalba haka yake yi. Gishiri ya yi yawa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar yaro su yamushe, har ta kai ga jijjiga. Wanda ke amayar da duk abin da ya sha, ko ya galabaita ya kasa haɗiya, a kai shi asibiti nan take a ƙara masa ruwa ta jijiya.