Galatiyawa 5: 'Yanci da kuma masu son su sa mashi farashi

Salama 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa za mu buɗe, sura ta 5, wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa ya jawo shi.

Galatiya dai yanki ne a tsakiyar ƙasar da muke ce ma Turkiyya yanzu. Bulus ya yi wa'azi can, mutanen da ba Yahudawa ba sun ba da gaskiya, ya tahi. Bayan tahiyarshi wasu malamai suka biyo baya suna cewa to madalla kun karɓi Yesu, amma fa da saura, sai kun yi kaciya kun riƙe Shari'ar Musa sannan cetonku ya cika. Wannan ƙarin shi ya tada ma Bulus hankali har ya rubuta wasiƙar da zafi, ko godiyar da ya saba buɗe wasiƙunshi da ita bai tsaya yi ba.

Mu nan Maradi maganar kaciya tana iya rikita mutum, tunda kusan kowane namiji an yi mashi tun yana yaro, Kirista da Musulmi duka. Ba kaciyar kanta Bulus yake yaƙi da ita ba. A aya ta 6 ya ce yin ta da rashin yin ta duk ba su ƙara komai cikin Almasihu, abin da yake da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Rigimarshi da masu maida ta sharaɗin ceto ce. Kuma bai duba girman kowa ba, a sura ta 2 ya ba da labarin yadda ya tsauta ma Bitrus gaban jama'a a Antakiya, don Bitrus ya janye daga cin abinci da 'yan'uwa na Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da wasu baƙi suka zo daga Urushalima. Bitrus fa, wanda ya yi yawo da Yesu.

To yau wa yake zuwa da irin wannan ƙarin? Ku duba wayoyinku. Ana turo bidiyo a WhatsApp, mutum da kwat mai sheƙi yana cewa in ba ka shuka iri na jaka goma ba ƙofarka ba za ta buɗe ba, ko sai ka sayi man shafewa ko ruwan da ya yi ma addu'a, ko kuma ciwon ɗanki daga kakanni ne kuma shi kaɗai yake da makarin. Baiko abu ne mai kyau, azumi ma haka, amma ranar da aka ce maki alherin Allah na jiran kuɗinki kafin ya sauka, an maida ki cikin karkiyar da aya ta 1 ta ce kada mu sake sa wuya. Bulus ya ce yisti kaɗan yake kumbura ƙullu duka, duk mai tuyar masa ta san wannan. Shi ya sa irin wannan koyarwa ba a cewa ai ƙarama ce a ƙyale ta, musamman da yake mai yin ta yakan faɗi gaskiya tara kafin ya saka ƙarya ɗaya.

Akwai kuma rami a ɗaya gefen, wanda matasanmu suka fi faɗawa. Wai ai muna ƙarƙashin alheri, babu mai ce mani kada in yi kaza. Aya ta 13 ta tare wannan, an kira ku ga 'yanci amma kada ya zama hujjar biye ma son zuciya, ku yi ma juna hidima cikin ƙauna. Sai ya ɗauko umarnin nan na Littafin Firistoci 19:18, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ya ce Shari'a duka ta taru a nan. Aya ta 15 kuwa kamar ya halarci wasu tarurrukan zaɓen dattawan ikilisiya, ya ce in kuna cizon juna ku yi hankali kada ku cinye juna.

Hidimar nan mun ga irinta da idonmu. Asibitin Danja da ke kudu da gari, tun 1956 ake jinyar masu ciwon kuturta a wurin, lokacin da dangin mutum ma gudunshi suke, kuma ba a tambayar addininka kafin a wanke maka gyambo. Asibitin Galmi ma yana jinyar jama'a tun 1950. Ba sai ka gina asibiti ba, zumuntar mata da ke kai tuwo gidan makoki, ɗan kabu-kabun da ya kai tsohuwa likita bai karɓi ko dala ba, duk hidimar ce.

In sabon mai wa'azi ya shigo unguwa ko ya shigo wayarka, kada ka yi saurin zaginshi, kada kuma ka yi saurin tura ma wasu. Ɗauki ayar da ya karanta ka karanta surar duka, ka kai ma fasto ko dattawa ku duba tare. Sannan ka lura da mabiyanshi bayan 'yan watanni, aya ta 22 da 23 sun lissafa abubuwa tara da Ruhu yake haifarwa, daga ƙauna har kamunkai, ka gani ko su ne suke ƙaruwa a gidajensu ko kuwa tsoro da bashi.