Amsoshin Tambayoyinku: Yaya rayuwa take a gidan yarin da kamfani ke riƙe da shi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware yau, duk kan gidajen yarin 'yan kasuwa suke.

Ta farko daga wani mai sauraronmu ce, yake cewa wai da gaske ne akwai ƙasashen da kamfani ke da gidan yari, toh waye ke biyanshi, kuma ina ribar take?

Da gaske ne malam. A Amurka abin ya kankama a 1983 da aka kafa kamfanin CCA a jihar Tennessee, wanda yanzu ake kira CoreCivic, sai babban abokin gogayyarsa GEO Group da ke Florida. Kusan 8 cikin 100 na fursunonin Amurka a hannun kamfanoni suke. Ingila ta buɗe nata na farko a 1992, Afirka ta Kudu ma ta ba da kwangilar guda biyu. Kotu ce dai ke yanke hukunci kamar kullum, gwamnati kuma ta riƙa biyan kamfanin kuɗi kan kowane fursuna kowace rana, wasu kwangilolin ma har da sharaɗin dole gadaje su cika kashi 90 cikin 100, in basu cika ba gwamnati ta biya kuɗin gadon da ba kowa a kai. Toh riba ita ce abinda ya rage bayan an ciyar da mutane an biya ma'aikata an sayi magani, kuma abinda ya fi cin kuɗi a gidan yari shine albashin gandurobobi, don haka nan ake fara yanka.

Sai wata baiwar Allah da ta rubuto tana cewa ita ta ji an ce sun fi na gwamnati tsabta da abinci mai kyau, haka ne?

Malama, gini kam zai iya zama sabo da fenti mai ƙyalli, amma zaman ciki ya dogara ne da yawan masu gadi da kuma ko sun san aikin. Wani ɗan jarida Shane Bauer ya ɗauki aikin ganduroba na wata huɗu a gidan yarin Winn da ke Louisiana, wanda kamfanin CCA ke riƙe da shi a lokacin, ana biyanshi dala 9 a awa, ya fitar da rahotonsa a 2016. Abinda ya gani shine gandurobobi biyu ne ke zagaya ɓangaren da ke da fursunoni sama da 300, mutum ya yi awa 12 a tsaye gobe ma a ce ya dawo don babu mai canjinshi, soke-soke da wuƙar da aka wasa a ciki ya zama ruwan dare, makaranta da koyon sana'a kuwa sai a soke su a kulle kowa a ɗaki saboda babu wanda zai raka su. Ya ga wani fursuna da aka yanke wa ƙafafu da yatsu bayan ya daɗe yana roƙon a duba ciwon da ke cinsa. Kun san in aka kai mutum asibitin waje kamfani ne zai biya kuɗin, har da na masu gadin da za su zauna da shi, toh kowace fita asara ce a littafinsu. Wallahi wannan ne ya fi tsaya min a rai, a ce lafiyar bawan Allah da ba shi da ikon fita ya nemi likita da kansa tana hannun wanda ke lissafin riba.

Kuma ba wuri ɗaya ba ne. A jihar Idaho kamfanin CCA ya amsa cewa an rubuta awannin gadi kusan 4,800 da babu wanda ya tsaya a wurin, jihar ta karɓe gidan a 2014. A 2016 babban mai binciken ma'aikatar shari'ar Amurka ya gano cewa kai hari kan fursunoni da ma'aikata ya fi yawa a gidajen kwangila fiye da na gwamnatin tarayya. A Ingila an yi mummunar tarzoma a gidan yarin Birmingham na kamfanin G4S a Disambar 2016, zuwa Agustan 2018 gwamnati ta karɓe shi bayan masu duba gidajen yari sun tarar da ƙazanta da ƙwaya ko'ina, har da ma'aikata masu kulle kansu a ofis don tsoro. Na Mangaung a Afirka ta Kudu ma, shi ma na G4S, gwamnati ta taɓa karɓe shi na wani lokaci a 2013, ga zargin yi wa fursunoni allura da ƙarfi da jona musu lantarki, zargin da kamfanin ya musanta. Su ma na gwamnati suna da nasu cunkoso da duka, ban wanke su ba, amma gara su tunda babu mai hannun jari da ke jiran rabonsa daga kuɗin abinci.

Tambaya ta uku, toh me yasa ba a rufe su ba?

An gwada. Kotun ƙolin Isra'ila ta haramta su a 2009, ta ce tsare mutum don riba tauye mutuncinsa ne. A Amurka kuwa abin ya zama na siyasa, gwamnatin Obama ta ce a 2016 za a daina ba kamfanoni fursunonin tarayya, ta Trump ta soke a 2017, Biden ya dawo da hanin a 2021, Trump ya sake sokewa a 2025. Kuma hanin nan bai taɓa shafar gidajen jihohi ba, balle wuraren tsare baƙin haure, waɗanda mafi yawansu a hannun kamfanoni suke. A can ne ake sa mutane shara da wanki da girki a biya su dala 1 a rana, har a 2021 kotu a jihar Washington ta ce GEO ya biya waɗanda ya tsare a Tacoma sama da dala miliyan 17 na haƙƙinsu.

Lokaci ya ƙure mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da rubuto mana.