Amsoshin Tambayoyinku: ExoPlayer da masu haɗa manhajar kallo

To jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku, yau kam saƙonni sun taru sai mu shiga kai tsaye.

Na farko wani matashi ne mai koyon haɗa manhajar waya, yace yana so manhajarsa ta riƙa kunna bidiyo daga intanet, shin ya zauna ya rubuta abin kunnawar da kansa ko ya ɗauki ExoPlayer ɗin nan da ake ta faɗa, wato laburaren kod da ake sakawa a manhajar Android don kunna bidiyo? Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka wallahi. Google ce ta fitar da shi a 2014, kod ɗinsa a buɗe yake a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye kod, kowa zai iya dubawa ya gyara, YouTube ma da shi take aiki a Android. Shi MediaPlayer da yake zuwa cikin waya in yana da matsala sai an sabunta Android ɗin kafin gyara ya iso, wannan kuwa a cikin manhajarka yake, duk sanda kaga dama ka sabunta abinka. Amma fa tun 2023 ya koma cikin Media3, sabon kunshin laburaren sauti da bidiyo na Android, tsohon ya tsaya a 2.19.1, in kaga darasi yana cewa exoplayer2 to tsohon yayi ne, androidx.media3 zaka nema.

Sai wata 'yar'uwa tace ta saka shi amma da zarar sabis yayi rauni bidiyon sai ya tsaya yana ta juyawa, wai ko laburaren ne ba kyau? Malama ina kyautata zaton mp4 guda ɗaya ƙato kika ɗora a saba, wato kwamfutar da ke ajiye bidiyon a intanet, to me zai zaɓa bayan abu ɗaya kika bashi? Abin da ake yi shine HLS, wanda Apple ta kawo a 2009, ko kuma DASH, a daddatsa bidiyon gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi kowane gutsure a ajiye shi kala-kala, 240p, 480p har 1080p, shi kuma ExoPlayer yana auna gudun intanet ɗin, in yaga ya ja baya sai ya sauko kan ƙarami, hoton ya ɗan dusashe amma kallo bai yanke ba, sabis na dawowa ya sake hawa. FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, zai yi miki wannan datsar.

Wannan kuma yace a wayarsa lafiya lau, a ta abokinsa sauti na fita allo baƙi ƙirin. Eh to, nan ne ciwon kan yake. ExoPlayer yawanci ba shi yake warware bidiyon ba, miƙa wa MediaCodec yake, wato ya dogara da abin da kamfanin wayar ya saka a ciki, a cikin salon matse bidiyo, H.264 kusan kowace waya na ɗauka amma HEVC da AV1 ba kowacce ba. Sannan ka duba ko kana kiran release(), umarnin da ke sakin abin kunnawar, in mutum ya bar shafin, da yawa nan suke sakaci, abin kunnawar na baya ya riƙe wurin warware bidiyon na gaba ya rasa. In duk ba wannan bane ka gwada bidiyon a manhajar gwaji ta masu ExoPlayer ɗin, ta ƙi a can ma sai ka kai rahoto GitHub, amma don Allah banda "baya aiki" kawai, ka faɗi samfurin wayar da Android nawa ne da sigar laburaren, ka haɗa da fayil ɗin da ya ƙi.

Na ƙarshe yana tambayar kuɗi, da kuma ko zai yi a iPhone. Lasisin Apache 2.0 ne, ko sisi ba zaka biya ba ko da sayar da manhajar zaka yi, ka dai bar bayanin lasisin a ciki. In zaka cusa FFmpeg a manhajar ne zaka nutsu ka karanta, shi lasisinsa daban ne, LGPL ne wasu sassan kuma GPL. iPhone kam a'a, can AVPlayer na Apple ake amfani da shi.

Lokaci ya ci mu, masu tambayar Widevine, tsarin kulle bidiyo don hana kwafarsa, da sauke bidiyo don kallo ba data ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.