Sharhi: Tanadin Abincin Kaji da Kayan Cefane a Karkara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Kaka ta kama, masara ta fara sauka a kasuwannin Giwa da Saminaka da Dandume, motoci na lodi zuwa Dawanau. Duk mai kiwon kaji a ƙauye ya san abin da ke jiransa in damina ta yi tsakiya: hanya ta yanke, kuɗin mota ya hau, hatsi ya yi tsada tsakanin Yuli da Satumba, kaji kuwa ba su san uzuri ba. Kazar ƙwai in ta yi kwana biyu ba ta ƙoshi ba, sai ta rage ƙwai, kuma kafin ta dawo daidai an ɗauki makonni. Shi ya sa yau za mu duba yadda ake tanadi, domin da yawa suna yinsa, amma abin da bai kamata ba suke tarawa.

Mu fara da lissafi. Kazar ƙwai guda tana cin gram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 ke nan suna cinye kusan kilo 12 kullum, wajen buhu 14 na kilo 25 a wata. Kazar nama kuwa, daga ƙyanƙyasa zuwa mako shida ko bakwai, tana cinye kilo 4 zuwa 5. Wanda bai yi wannan lissafin ba, da ka yake saye, kuma ko ya rage ko ya wuce.

Ga inda kuskuren yake. Mutum ya samu kuɗi, ya ga abincin kamfani ya ɗan sauko, sai ya kwashi buhu 60 ya jibge a ɗaki. Abincin da aka riga aka niƙa aka haɗa ba ya jure ajiya a ƙasarmu mai zafi. Bayan mako huɗu zuwa shida bitamin ɗin da ke ciki sun fara mutuwa, man da ke ciki ya fara ɗaci, in da laima kuma ya dunƙule ya yi funfuna. Buhun yana nan cike, amma amfaninsa ya tafi. Sai mai kaji ya ga ɓawon ƙwai ya yi laushi, kaji sun daina cika ciki, ya shiga neman magani, alhali ciwon a sito yake.

Abin da ake tarawa shi ne ɗanyen kaya: masara tsaba da waken suya. Masara ita ce rabin abincin kaza ko fiye, don haka mai kaji 100 na ƙwai yana buƙatar kusan buhu biyu na kilo 100 a wata, wato buhu 12 su kai shi wata shida. Konsantiret ko firimis kuma, wato haɗin sinadaran gina jiki da bitamin na kamfani da ake cakuɗawa da masara, a riƙa saye na wata ɗaya ko biyu, a duba ranar da aka yi shi a jikin buhu, a bi ma'aunin haɗin da kamfanin ya rubuta. A niƙa na mako biyu, in ya ƙare a sake. Waken suya kada a kuskura a ba kaji ɗanye. Sai an soya shi ko an dafa an shanya, domin ɗanyensa na hana kaza narkar da abinci. Dusa da ƙuli-ƙuli suna da mai, ba sa daɗewa, su ma a sayi na gajeren lokaci.

To, masarar kaka arha ce, amma ba ta gama bushewa ba, kuma nan ne ake tafka asara. Hatsin ajiya bai kamata danshinsa ya wuce kashi 13 cikin 100 ba. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma akwai dabara. A samu kwalba busasshiya, a zuba masara kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya a rana, a rufe a girgiza, a bar shi kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar da ita shanya a kan leda ko siminti, ba a ƙasa ba. Masarar da ta bushe in an cije ta ƙas take yi ta fashe.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne gubar funfuna da ake kira afilatoksin. Tana lalata hantar kaza, ta rage ƙwai, ta raunana rigakafi, kuma girki ba ya kashe ta. A 1960 ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila, ta hanyar garin gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil. Al'adar nan ta tsince ruɓaɓɓiyar masara a ce "a ba kaji" ba tattali ba ce, kuma wanda ya fi haɗari, irin wannan hatsin ne wani lokaci ke komawa tukunyar gida.

Sai ƙwari. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe su ba tare da magani ba, domin iska ce ke ƙare musu. A matse iskar, a ɗaure kowace leda dabam, kada a riƙa buɗewa. Rami ɗaya na ɓera ya ɓata aikin. Wake ma haka, ko a cika jarka taf a rufe da kyau. Masu zuba wa wake fiya-fiya su tuna cewa saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar hayaƙin nan da ake jefawa cikin buhu kuwa tana kashe mutum in ya kwana ɗaki ɗaya da ita.

A sito, a ɗora buhuna kan katako, su tashi daga ƙasa kamar taƙi guda, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya ratsawa ya duba. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. A rubuta kwanan wata a jikin buhu da gawayi ma ya isa.

Kayan cefane kuma kowanne da lokacinsa, ba duka a kaka ake saye ba. Gero da dawa da wake da shinkafa yanzu ne. Tumatir da tattasai sai sanyi, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ake yanka su a shanya. Albasa bayan girbin rani, a baza ta inda iska ke ratsawa, kada a bar ta a buhu. Manja ya fi sauƙi daga Fabrairu zuwa Mayu, a ajiye shi a jarka a inuwa. Gishiri da sukari suna shan laima da damina, sai a bokiti mai murfi. Sabulu da kananzir a nisanta su da gari da ganyen shayi, domin warinsu shiga yake yi, ba ya fita.

Wani abu guda: kada a zuba jari gaba ɗaya a hatsi. Ba kowace shekara farashi ke hawa ba. A 2025 masara ta faɗi, waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye suka sha asara. A sayi daidai abin da kaji da iyali za su ci zuwa sabuwar kaka, a bar kuɗin rigakafi da konsantiret da niƙa a hannu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.